Tsinken Ashana

A ƙasan kayan da na kwaso daga gidanmu na tsince shi,
cikin kwalin sabulu, naɗe da tsohon zanen Inna:
baƙin akwatin gem ɗinmu
da hannuwansa biyu, wayoyinsu sun sarƙe da juna.

Na goge shi da gefen riga.
Na jona. Na danna.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Nepa na fara zargi, ita ce mai laifin kullum,
amma ga fanka tana juyi, ga firij yana nishi.
Na zare filogi, na sa cajar waya a gurbinsa, ta kama.
To, ba daga bango ba ne.
Na shinshina adafta ko zan ji ƙauri,
sai warin kafur da tsufa.
Na hura kaset, fuu, fuu, yadda muke yi muna yara,
ko da yake na san ba nan ciwon yake ba:
wanda bai farka ba, ba a tambayarsa me zai ci.

Hamdiyya ta tsuguna, ta zuba tagumi:
"Baba, wannan ne ka ce ya fi waya daɗi?"

Da la'asar na hau adaidaita zuwa Fagge,
rumfar Malam Ghali, inda rediyoyi ke kwance ciki a buɗe.
Noti huɗu suka fita, na biyar ya ƙi,
ya lallashe shi da ɗigon mai.
Gawar kyankyaso ta faɗo, da kwabo guda na zamanin da.
Ya ɗora bakin mita, ja da baƙi:
fis lafiya lau, adafta na ba da tara cif.
Kafasita ɗaya ta kumbura kamar kuncin mai ciwon haƙori,
ya cire ta, ya ɗiga dalma, hayaƙi ya tashi siriri.
Ya danna.
Ko ƙyaftawa.
Ya sauke tabarau ya ce, "Abin nan da sirrinsa.
Wa ya saba kunna shi?"

Ba ni ba ne.
Ni hannu na biyu nake riƙewa, mai maɓallin da ke maƙalewa.
Tasi'u ne mai kunnawa. Sai ya juya mana baya,
ya yi wani abu da yatsu, ya ce tsatsuba ce,
a biya shi da rabin awara.
Shekara uku ke nan rabona da muryarsa,
tun ranar rabon gidan Gwammaja,
da aka shimfiɗa tef a ɗakin da muka girma,
na faɗi magana, ya faɗi wadda ta fi ta.

Lambarsa na nan. Ban goge ba, ban kira ba.

Na fita bakin titi, na toshe kunne ɗaya saboda ham.
Ta yi ƙara sau biyar.
"Wa ke magana?" Alhali ya sani.
Na ce, "Gem ɗin ne ya ƙi kamawa."
Shirun ya yi tsawo, har na duba ko katina ne ya ƙare.
Sai dariya, irin ta hanci, irin ta Baba:
"Sakarai. Ramin wayar ne ya saki tun muna aji huɗu.
Karya tsinken ashana, cusa ta ƙasa, karkata wayar hagu."

Malam Ghali ya aro ashana wurin mai shayi.
Na karya. Na cusa. Na karkata.

Ɗan jan ido ya buɗe,
bai fi ƙwayar dawa ba.
Tsohuwar talabijin ta yi tari, ta kawo launi,
kiɗan nan na hanci ya cika rumfar,
har yaron shago ya ajiye sukundireba.

"Ya kama?"
"Ya kama."
"Hannu na biyun fa? Har yanzu yana maƙalewa?"
Na ce, "Sai ka zo ka gani."
Bai ce to ba.
Bai kuma kashe wayar ba.

Malam Ghali ya ce a canza ramin, ɗari biyar kacal.
Na ce a'a, Malam.
A bar tsinken.